Kiɗan Mafarki Na Birnin Biristol

Akwai wani irin kiɗa na Turai wanda mutum kan ji shi sau da yawa bai san sunansa ba. A kan sa shi cikin silima in an zo wurin da wani ke tafiya shi kaɗai da dare, ko cikin zauren babban otal, ko cikin talla a talabijin. Ganga ce ke takawa a hankali kamar raƙumi ya ɗauko kaya, ƙarƙashinta da wani amo mai kauri wanda ƙirji ke riga kunne ji, sa'an nan muryar mace ta biyo baya sanyi-sanyi, kamar mai waƙa tsakanin barci da farke. Turawa suna rubuta sunansa trip-hop, mu kuwa bakinmu ya fi sauƙin cewa tirif-hof. A nan za mu riƙa ce masa kiɗan mafarki, don in ka saurare shi minti biyu sai ka ji hankalinka ya bar inda ka ke zaune.

Yawancin masu jinsa suna zaton an yi shi ne don hutawa da sanyaya rai kurum. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya bi diddigin kiɗan nan zai tarar sanyin nasa daga cikin zafi ya fito, kuma zafin nan shi ne ya ba shi ƙarfin kama zukata. Waɗanda suka kwaikwayi sanyin suka bar zafin, abin da suka yi bai daɗe ba. Bari mu bi labarin daga tushe.

GARIN DA YA HAIFE SHI

Biristol birni ne na bakin ruwa a kudu maso yammacin Ingila, wajen mil 120 daga Landan, a kan kogin Avon. Bisa ƙidayar 2021 mutanensa sun ɗara zambar 470. Arzikinsa na dā daga teku ya zo, kuma kaso mai yawa na arzikin nan da hawayen mutane aka tara shi. Daga 1698 zuwa 1807 jiragen garin sun yi sawu fiye da 2,000 zuwa gaɓar Afirka, suka kwashi bayi kusan rabin miliyan zuwa tsibiran Karibiyan da Amurka, suka komo gida da sukari da taba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shiga ƙarancin ma'aikata, sai jikokin bayin nan suka fara tahowa neman aiki daga Jamaika da sauran tsibirai, tun daga 1948. Waɗanda suka sauka Biristol, yawancin masu gidajen haya suka ƙi su, sai a wata unguwa mai tsofaffin gidaje, sunanta St Pauls. Kamfanin motocin safa na garin ya ƙi ɗaukar baƙar fata aikin direba ko kwandasta, har a 1963 jama'a suka ƙaurace wa motocinsa wata huɗu kafin ya sauko. Ran 2 ga Afril 1980 'yan sanda suka kai sumame wani gidan cin abinci a unguwar, tarzoma ta tashi, aka ƙone motoci da banki. A farkon 1982 kuwa marasa aikin yi a Birtaniya sun wuce miliyan uku. Cikin wannan hali samarin da za mu ba da labarinsu suka tashi.

Mutanen Jamaika ba su zo hannu rabbana ba. Sun zo da al'adarsu ta kiɗan lasifika, watau mutum ya ƙera manyan akwatunan lasifika ya jera su kamar katanga, ya ɗora faifai, wani kuma ya riƙe makirufo yana zuba kirari bisa kiɗan. Da ya ke gidajen rawa na gari ba su cika maraba da su ba, sai su yi taronsu cikin gidajensu har gari ya waye. Sun kuma zo da wata dabara wadda gwanaye irin su King Tubby da Lee Perry suka ƙago a Kingston, a na ce mata dob. Sai a ɗauki waƙar rege, a zare muryar mawaƙi, a bar ganga da amon nan mai kauri, a sa wa sauran amsa-kuwwa, ka ji sauti ya tafi ya komo kamar kira cikin rijiya. Ka riƙe wannan, mai karatu, don shi ne kakan kiɗan mafarki.

SAMARIN WILD BUNCH

A farkon shekarun 1980 kiɗan hif-hof ya iso Ingila daga Niyok. Sai waɗansu samarin Biristol, baƙaƙe da farare da 'yan ruwa biyu, suka haɗa lasifikokinsu, suka sa wa kansu suna Wild Bunch, kamar a ce gungun tsageru. Suna wasa a titi, da cikin kangon gidaje, da wani gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa mai suna Dug Out. Ba su ware wani kiɗa su ce shi kaɗai ne nasu ba. A dare guda sai ka ji rege, da hif-hof, da waƙoƙin bege na baƙaƙen Amurka, da kiɗan tawaye na samarin Turawa.

A 1988 uku daga cikinsu, Grant Marshall da Andrew Vowles da Robert Del Naja, suka kafa ƙungiya mai suna Massive Attack. A shekarar nan sauran samarin Ingila sun haukace kan wani kiɗan rawa mai sauri, wanda ya ke bugu 120 ko fiye a minti guda. Su kuwa 'yan Biristol sai suka juya baya, suka rage gudu. Marshall ya bayyana nufinsu daga baya, ya ce so suka yi su yi kiɗan rawa wanda kai zai taka maimakon ƙafa.

YADDA A KE HAƊA SHI

Samarin nan ba makaɗan jita ko na fiyano ba ne, kuma ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa. Abin da su ke da shi tsofaffin fayafai ne da kunne mai kaifi. Akwai wata na'ura, mu kira ta na'urar tsakure, wadda ta ke iya ɗauke ɗan guntun sauti daga faifai, na daƙiƙa biyu ko huɗu, ta ajiye. Sai a ɗaura wutsiyar guntun nan da kansa, ya yi ta zagayawa ba iyaka, ya zama ginshiƙin sabuwar waƙa. A kan tsakuro ganga daga wannan faifai, goge daga wancan, a jera su bisa juna.

Sa'an nan a rage masa gudu. Wanda ya taɓa jin garmaho irin na dā, wanda a ke wanawa da hannu, ya san yadda muryar mawaƙi kan yi kauri ta ja jiki in wanin ya kusa ƙarewa. To, abin da a dā a ke gani aibi ne, shi suka mayar ado. Haka kuma ƙarar nan ta tsohon faifai, mai kama da ƙirare cikin wuta, ba su share ta ba, har ƙara ta su kan yi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Ga misali guda wanda zai nuna gwanintar abin. A 1971 wani mawaƙin Amurka, Isaac Hayes, ya fitar da faifai mai suna Black Moses. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, ƙungiyar Portishead da wani saurayi mai laƙabi Tricky, dukansu 'yan Biristol, kowa ya tsakuro wuri ɗaya tak daga wata waƙa ta cikin faifan. Portishead suka gina Glory Box, waƙar mace wadda wasa da hankali ya ishe ta. Tricky ya gina Hell Is Round the Corner, waƙar mutumin da tsoro ya kewaye shi. Zare ɗaya, amma kowa da irin rigar da ya saƙa.

FAYAFAI UKU

Faifai na farko shi ne Blue Lines na Massive Attack, wanda ya fito cikin Afril 1991. Wata mawaƙiya, Neneh Cherry, wadda mahaifinta makaɗin ganga ne mutumin Saliyo, ita da mijinta Cameron McVey su suka tallafe su, har wani sashe na aikin a gidansu aka yi. Cikinsa akwai muryar Horace Andy, tsohon hannu a rege daga Jamaika, da ta Shara Nelson, wadda ta rera Unfinished Sympathy. Don waƙar nan guda sai da suka ɗauko makaɗan goge wajen arba'in, kuɗi ya ƙare, suka sayar da motarsu suka biya. Ta fito a na tsakiyar Yaƙin Tekun Fasha, sai aka ba su shawara su cire kalmar Attack daga sunansu, tun da ya ke ma'anarta farmaki, kada gidajen rediyo su ƙi sa waƙar. Suka zama Massive kurum na 'yan watanni.

Lokacin da a ke aikin Blue Lines akwai wani yaro mai kula da tef a ɗakin ɗaukar murya, sunansa Geoff Barrow. A 1991 ya je wani kwas da gwamnati ke yi wa marasa aiki masu son kafa sana'a, can ya gamu da Beth Gibbons, 'yar ƙauye wadda ta tashi a gona a lardin Devon, tana waƙa a gidajen shaƙatawa. Suka haɗu da Adrian Utley, gwanin jitar jaz, suka ɗauki sunan Portishead, watau ɗan garin bakin teku kusa da Biristol inda Barrow ya girma. Su har wata dabara suka ƙara. Sai su kaɗa nasu kiɗan, su buga shi bisa faifai, su yar da faifan ƙasa su tattaka shi ya ƙoƙe, sa'an nan su tsakuro daga cikinsa kamar wanda aka tsinto a kasuwar gwanjo. Faifansu Dummy ya fito cikin Agusta 1994, ya ci kyautar Mercury ta 1995, wadda a ke bai wa faifan da ya fi kyau a Birtaniya da Ailan a shekara.

Na uku shi ne na Tricky, wanda sunansa na yanka Adrian Thaws. An haife shi a 1968 a Knowle West, unguwar talakawa ce, yawancinta fararen fata. Mahaifiyarsa, Maxine Quaye, ta rasu yana ɗan shekara huɗu, kakarsa ta riƙe shi. Ya yi waƙa tare da Massive Attack, daga baya ya ware. Faifansa na farko ya fito cikin Fabrairu 1995, ya kuwa haɗa sunayen mahaifiyarsa biyu ya sa masa Maxinquaye. Yawancin baitocin da ya rubuta, wata yarinya ce, Martina Topley-Bird, ke rera su, shi kuwa yana bin ta da raɗa a ƙarƙashi. Maraya ne ke neman uwarsa cikin muryar wata mace. Wanda ya san haka ba zai ƙara jin faifan nan kamar yadda ya ji shi da farko ba.

Sunan tirif-hof kuwa ba su suka raɗa shi ba. Wani marubuci, Andy Pemberton, shi ya fara buga shi cikin mujallar Mixmag ta watan Yuni 1994, yana kwatanta kiɗan wani Ba'amurke, DJ Shadow. Kalmar farko ta sunan ma'anarta tafiya, amma a bakin samari tana nufin yawon da hankali kan yi in mutum ya bugu, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa hayaƙin wiwi ya yi yawa a tarukan da kiɗan ya taso. 'Yan Biristol dukansu sun ƙi sunan, suna ganin 'yan kasuwa ne suka laƙaba musu don a ji daɗin saye da sayarwa. Amma suna in ya bi mutum ya bi shi ke nan.

ME YA SA YA KE KAMA ZUCIYA?

Na farko dai saurinsa. Yawanci tsakanin bugu 70 ne zuwa 100 a minti, watau kusa da yadda zuciyar mutum ke bugawa in yana zaune ko yana tafiya a hankali. Kiɗa mai sauri umurni ya ke ba ka, tashi ka taka. Wannan kuwa zama ya ke yi kusa da kai.

Na biyu, fili. Wannan gādo ne daga dob. Tsakanin bugu da bugu a kan bar wuri wayam, sai amsa-kuwwa tana dusashewa. Cikin filin nan mai sauraro ke zuba nasa tunanin, shi ya sa mutum goma za su ji waƙa ɗaya, kowa ya ga kamar da shi a ke.

Na uku, tsufan sautin. Ƙarar faifai da amon tsohon goge su kan tuna wa mutum gidan kakanninsa, ko wani zamani wanda bai ma riska ba. Waƙa sabuwa ce fil, amma sai ka ji kamar ka san ta tun kana yaro ka manta. Haka mafarki ya ke, ka ga gidan da ka sani amma ƙofofinsa sun sāke wuri.

Na huɗu, wanda ya fi duka, abin da muryar ke faɗi. Hif-hof na lokacin yawanci kirari ne da bugun ƙirji, namiji yana faɗin ko shi wane ne. 'Yan Biristol suka ɗauki gangar hif-hof suka ɗora mata kaɗaici, da bege, da zullumi, da rashin yarda da masoyi, yawanci kuma a bakin mace. Beth Gibbons kan yi waƙa ido rufe, ta ƙanƙame makirufo kamar wadda ruwa zai ci, ga shi ba ta cika yarda ta yi hira da 'yan jarida ba. Elizabeth Fraser, wadda ta rera Teardrop cikin faifan Mezzanine na 1998, tana cikin aikin waƙar labari ya zo mata cewa amininta, mawaƙi Jeff Buckley, ya nutse a kogi a Amurka cikin Mayu 1997. Gangar waƙar nan kamar bugun zuciya ta ke. Mutum ko bai ji Turanci ba, ya san akwai rashi a ciki.

INDA YA YAƊU

Kafin shekara biyar kiɗan ya ƙetare teku ta ko'ina. A Landan kamfanonin Mo' Wax da Ninja Tune suka yi ta buga irinsa, ƙungiyar Morcheeba kuma ta sassauta shi ya shiga rediyo. A Jafan akwai DJ Krush, a Biyana ta Ostiriya akwai Kruder da Dorfmeister, a Washintan akwai Thievery Corporation. DJ Shadow ya yi ta tono cikin tarin tsofaffin fayafai a ƙarƙashin wani kanti a Sacramento, a 1996 ya fitar da Endtroducing, wanda littafin Guinness ya rubuta cewa shi ne faifai na farko da aka haɗa da tsakure zalla. Manyan taurari ma suka zo ɗiba. Nellee Hooper, ɗaya daga cikin 'yan Wild Bunch, ya yi aiki da Björk ta Aisilan da Madonna, har Madonna ta yi waƙa da Massive Attack a 1995.

Yammacin Afirka ma da hannunsa a ciki. Nicolette, wadda ta rera waƙa biyu cikin faifan Protection na Massive Attack a 1994, an haife ta a Sikotilan, iyayenta 'yan Nijeriya ne. A shekarar nan kuma Youssou N'Dour na Senegal da Neneh Cherry suka fitar da 7 Seconds da harshen Wolof da Faransanci da Turanci. Cameron McVey da Jonny Dollar, waɗanda suka yi aikin Blue Lines, da su aka tsara ta, kuma wanda ya ji gangarta zai gane gidan da ta fito. Ta yi mako 16 tana kan gaba a Faransa.

Daga nan sai silima da talabijin suka karɓe shi. Wasan nan na likita mai suna House, wanda aka nuna a Amurka daga 2004 zuwa 2012, da kiɗan Teardrop a ke buɗe shi. Mawaƙan baya irin su Lana Del Rey da FKA twigs da The Weeknd duk a na jin ƙamshinsa a aikinsu. A 2015 Alessia Cara ta sāke tsakuro wurin nan na Isaac Hayes cikin waƙarta Here, a 2022 kuma Kendrick Lamar ya nemo Beth Gibbons ta yi masa amshi cikin wata waƙa ta tonon ciwon zuciya. Har kiɗan nan mai sanyi marar waƙa wanda ɗalibai ke sawa a YouTube lokacin bita, ɗan dangi ne, ko da ya ke ya fi gādo daga J Dilla na Amurka da Nujabes na Jafan.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Farin jini ya zo da nasa ciwon. Da 'yan kasuwa suka ga abin na sayuwa, sai kowa ya samo ganga mai nawa da mace mai sanyin murya, aka cika kantuna da fayafan hutu. Dummy kansa ya zama abin da masu hali ke sawa ƙasa-ƙasa in sun gayyaci baƙi cin abinci, a na hira a na dariya, mace tana kuka cikin lasifika ba mai kula ta. Barrow ya sha nuna ɓacin ransa game da wannan.

Dubi abin da masu abin suka yi. Tricky ya fitar da Pre-Millennium Tension a 1996, ya cika shi da kaushi da gangan don ya tsere wa sunan. Massive Attack suka shigo da jita mai ruri cikin Mezzanine, saɓani ya shiga tsakaninsu, Vowles ya fita a 1999. Portishead kuwa bayan faifansu na biyu na 1997 sai suka yi shiru shekara goma sha ɗaya, da suka komo da Third a 2008 gangarsa kamar harbin bindiga. Kowannensu ya gwammace ya rasa masu saye da a mai da shi labulen ɗaki. Yau kuwa tarin fayafan kwaikwayon nan an manta da yawancinsu, amma ukun farko har yanzu a na sāke buga su.

Ba su kuwa manta garin da ya haife su ba. Shekara da shekaru Massive Attack suka ƙi yin wasa a babban zauren kiɗa na Biristol, don sunan Edward Colston ke kansa, mutumin da ya yi arziki da fataucin bayi. Ran 7 ga Yuni 2020 jama'a suka tumɓuke gunkin Colston suka jefa cikin ruwan tashar da jiragen bayi kan tashi, a shekarar kuma aka sāke wa zauren suna, ya koma Bristol Beacon.

To, mai karatu, in ka sami dama ka nemi ɗaya daga cikin fayafan nan uku. Kada ka sa shi kana lissafi ko kana hira. Ka bari sai dare ya yi, gida ya yi tsit, ka saurare shi daga farko har ƙarshe, kana tuna su wane ne suka yi shi, da unguwannin da suka fito, da abin da suka rasa. Sa'an nan ka yanke hukunci da kanka, ko kiɗan barci ne, ko kuwa na wanda barci ya ƙaurace wa.